Rigakafin uwar alade mai shayarwa: na 'ya'yan da ke hantsa ne, ko na cikin da ke tafe?

A manyan gonakin aladu na Denmark da Holan da Sifen akwai aikin da ba ya fita daga jadawalin mako. Ma'aikaci zai bi ɗakunan haihuwa, ya nemo iyayen da suka sauka kwana 10 ko mako 2 da suka wuce, ya tsira wa kowacce allura a wuya, bayan kunne, ya shafa mata fenti a gadon baya don kada a maimaita, ya ƙara gaba. Uwar tana kwance, 'ya'ya 13 ko 14 sun jeru a hantsa suna ta tsotso. Duk wanda ya tsaya kallo, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an yi allurar ne don maganin ya bi nono ya shiga jikin 'ya'yan. Haka masu kiwo da yawa suke ɗauka, a can Turai da ma nan Kudancin Kaduna da Filato da Numan, inda ake kiwon alade kuma da Hausa ake cinikinsa.

Daga wannan ɗauka ne gardama take tashi. Wani ya ce allurar tana ƙara wa 'ya'ya ƙiba. Wani ya ce a'a, tana ƙafar da nono, ta kuma hana uwa neman namiji bayan yaye. Kowannensu yana da wata haihuwa da zai nuna a matsayin hujja. Abin da nake gani shi ne dukansu sun ɗora wa allurar aikin da ba nata ba. Mafi yawan rigakafin da ake yi wa uwa tana shayarwa ajiya ce ta cikin da ba a ma ɗauka ba tukuna. 'Ya'yan da ke hantsa, nasu lissafin an rufe shi tun makonni kafin a haife su. Idan kuwa allurar ta taɓa girmansu, ta bakin uwarsu take bi, wato ta abin da ta ci ko ta kasa ci.

Sai an fara da mahaifa kafin wannan ya fito fili. Jaririn ɗan Adam yana karɓar sinadaran garkuwar uwarsa tun yana ciki, domin mabiyiya tana barinsu su ratsa. A wurin alade, tsakanin jinin uwa da jinin ɗan tayi akwai shimfiɗa 6, kuma sinadaran garkuwa ba sa iya ƙetare su. Ɗan alade yana faɗowa duniya jininsa fayau, babu makamin yaƙi da kowace cuta. Ba shi kaɗai ba ne a wannan hali: maraƙi da ɗan akuya da ɗan tunkiya da ɗan doki duk haka suke zuwa. Shi ya sa makiyayi, ko bai taɓa shiga aji ba, ya san maraƙin da bai sha dakashi ba da wuya ya yi ƙarko. Don haka ko mai karatun da babu abin da ya haɗa shi da alade, idan yana da akuya a bayan ɗaki, rabin wannan bayani nasa ne.

Dakashi shi ne gadon farko. A sa'o'in farko bayan haihuwa hanjin ɗan alade a buɗe yake, manyan sinadaran garkuwa, waɗanda masana suke kira IgG, suna wucewa ɗungurungum cikin jini ba tare da an narkar da su ba. Cikin sa'a 24 zuwa 36 ƙofar ta rufe. Shi ma dakashin ba ya jira: kafin kwana ɗaya ya cika, IgG ɗin da ke cikinsa ya ragu ƙwarai, nono ya fara komawa fari na yau da kullum. Masu bincike a Faransa sun nuna cewa ɗan alade yana buƙatar aƙalla giram 200 na dakashi a ranar farko don ya tsira, giram 250 kuma don ya yi girma mai kyau. To shi wannan IgG daga ina yake? Kusan dukansa daga jinin uwa hantsa take janyo shi a makonnin ƙarshe na ciki. Jiki kuwa yana ɗaukar kusan mako 2 bayan allura kafin ya tara garkuwar kirki. Wannan ne dalilin da ya sa rigakafin zawon jarirai, na bakteriyar E. coli da na Clostridium mai sa kashin jini, ake yin sa wajen mako 6 da kuma mako 2 ko 3 kafin haihuwa. Wanda ya bari sai ya ga zawo a ɗaki sannan ya ɗauko kwalba ya nufi uwa, ya zo fafe gora ranar tafiya.

Akwai dai wata ƙofa ta biyu, kuma ita ce ke ba masu cewa "ai yana bin nono" ɗan abin riƙewa. Bayan dakashi ya wuce, nonon alade yana ci gaba da ɗauke da wani sinadarin garkuwa mai suna IgA. Shi ba ya shiga jini. Shafe cikin hanji yake yi, kamar yaɓe, kuma tunda ɗan alade yana tsotso kusan kowace sa'a, yaɓen ba ya bushewa har ranar yaye. A farkon shekarun 1970 masu bincike a jihar Ohayo ta Amurka, ciki har da Linda Saif wadda ta shafe rayuwarta a wannan fage, suka gano inda IgA ɗin yake samo asali: ƙwayoyin garkuwar da suka haɗu da cuta a hanjin uwa su ne suke yin ƙaura zuwa hantsa su zauna suna zuba shi cikin nono. Ma'ana, sai cuta ko rigakafi ya bi ta bakin uwa ya taɓa hanjinta kafin nononta ya koyi kare hanjin ɗanta. Allurar wuya kuwa jini take cikawa da IgG.

Amurkawa sun ga wannan da idonsu a 2013, lokacin da bairos ɗin zawon PED ya shiga ƙasar a karon farko. Cikin kusan shekara ɗaya ya kashe 'yan aladu kimanin miliyan 7, galibi waɗanda ba su wuce mako ɗaya ko biyu ba. Kafin a samu rigakafi, abin da gonaki suka koma yi yana da ƙyama ko a ji: a niƙa hanjin 'ya'yan da suka mutu, a gauraya da abinci a ba iyaye masu ciki, don hanjinsu ya san cutar, nonon haihuwa ta gaba ya zo da kariya. Da rigakafin allura suka fito a 2014, sai aka lura sun fi aiki a jikin uwar da ta riga ta gamu da bairos ɗin. Ita allura tunatarwa take yi wa jikinta. Wadda ba ta taɓa gamuwa da shi ba, nononta ba ya samun IgA na a-zo-a-gani. Iyakar abin da allurar lokacin shayarwa za ta iya yi wa 'ya'yan da ke hantsa ke nan: ta farfaɗo da abin da ke akwai, shi ma sai bayan kwanaki, alhali kwanakin da suka fi hatsari sun shuɗe.

To don wa ake yin ta?

A duba kalandar macen alade. Ciki wata 3 da mako 3 da kwana 3, wato kwana 114. Shayarwa kwana 28 a dokar Tarayyar Turai, ko 21 idan akwai ɗakin raino na musamman. A Amurka ma wajen mako 3 ake yaye. Bayan yaye da kwana 4 zuwa 7 ta nemi namiji, ciki ya sake shiga. A irin wannan gona, uwa tana yin fiye da kashi uku cikin huɗu na shekara da ciki. Ɗan tsakanin da ba ta da ciki shi ne lokacin shayarwa. Idan akwai cutar da ake son garkuwarta ta kai ƙololuwa ranar barbara, babu inda za a sa allurarta sai nan. Ga kuma sauƙin aiki: uwa tana ɗakinta ita kaɗai, an san lambarta, ba sai an bi ta cikin garke ba.

Babbar cutar da ake nufi ita ce bairos ɗin parbo, wanda aka gano a Jamus da Ingila a shekarun 1960, kuma yau da wuya a samu ƙasar da ake kiwon alade babu shi. Mugun halinsa shi ne ba ya taɓa lafiyar uwa. Tana ci, tana sha, ba zazzaɓi, ba tari. A mahaifa yake ɓarna. Idan ya kama 'yan tayi kafin kwana 35, ƙashi bai yi ba, sai su mutu jiki ya shanye su, mai gona ya ga dai uwa ta dawo neman namiji a makare, ko ta haifi 'ya'ya 3 ko 4 kacal. Daga kwana 35 zuwa 70 ƙashi ya kafu, jiki ba zai iya shanye shi ba, sai ɗan tayin ya bushe ya yi baƙi ya zauna har ranar haihuwa. Bayan kwana 70 ɗan tayi ya fara iya kare kansa. Ke nan duk yaƙin a wata 2 na farkon ciki ake yin sa, kuma dole garkuwa ta riga maniyyi isa. Budurwar alade ana yi mata sau biyu kafin barbarar farko, domin ita ta fi kowa shiga hatsari. Uwa kuwa allurar tunatarwa ake yi mata a lokacin shayarwa, aƙalla mako 2 kafin a kai ta wurin namiji.

Galibi kwalbar ba parbo kaɗai ke ciki ba. Ana haɗa shi da rigakafin erisifelas, bakteriyar da ke fito wa alade da jajayen tabo masu kusurwa huɗu a fata, ta sa zazzaɓi mai zafin da ke jawo ɓari, ta kuma kama gaɓoɓi da zuciya. Tana kama mutum ma, mahauta da masu gyaran kifi suna samunta a yatsa idan suna da yanka. Rigakafinta na cikin tsofaffin rigakafin duniya: Louis Pasteur da matashin abokin aikinsa Louis Thuillier ne suka fito da shi a 1883, shekarar da Thuillier ya rasu da kwalara a Iskandariya ta Masar. Kariyar erisifelas ba ta wuce kusan wata 6, don haka yin ta a kowace shayarwa ya yi daidai da zagayen haihuwa. A Amurka da wasu ƙasashe ana ƙara na lefto, cutar da ke bin fitsarin ɓera da ruwa mai kwanciya, ta sa ɓari a ƙarshen ciki. Duka ukun matattun ƙwayoyi ne a kwalbar, ba sa hayayyafa a jiki, ba sa bin nono su kama kowa.

Amma ba a ce kyauta ba ce. Matacciyar ƙwaya ita kaɗai ba ta tayar da garkuwa sosai, sai an haɗa ta da wani abin zuga, mai ko gishirin alminiyam, wanda aikinsa shi ne ya ɗan fusata jiki. Fushin nan shi ne kumburin da ake gani a wuya da ɗumin jiki. Takardun da ke cikin kwalin irin waɗannan rigakafi sukan faɗa ƙarara cewa zafin jiki na iya hawa da rabin digiri zuwa digiri ɗaya, wani lokaci ya ɗan haura, na kwana ɗaya ko biyu, kuma wasu dabbobin za su rage cin abinci. Ga uwar da ba ta shayarwa wannan ba komai ba ne. Mai shayarwa kuwa tana cikin aiki mafi nauyi a rayuwarta.

A yi lissafi. Ɗan alade yana buƙatar kusan kilo 4 na nono kafin ya ƙara kilo 1 na nauyi. Uwa mai 'ya'ya 12, kowanne yana ƙara giram 220 a rana, tana gina kilo 2.6 na nama da ƙashi kullum, wato tana tatsar fiye da kilo 10 na nono daga jikinta. Don ta iya haka sai ta ci kilo 6 zuwa 8 na abinci mai kyau, ta sha ruwa lita 20 zuwa 40. Ko da lafiyarta ƙalau, yawanci abin da take ci ba ya biyan abin da take fitarwa. Cikon daga kitsenta da tsokarta yake fitowa. Nan ne kuma amsar tambayar girman 'ya'ya take: idan allura ta sa ta bar rabin abincinta na kwana 2, ba nono ne yake fara raguwa ba. Jikin uwa yana fifita hantsa a kan kansa, sai ta ƙara narkar da jikinta, 'ya'ya su ci gaba da sha. A uwa mai jiki, a ɗaki mai sanyi, ɗan gibin da aka samu ba ya kai wa ranar yaye ana ganinsa a sikeli. Bashin yana nan dai, a kan uwar aka rubuta shi.

Inda bashin yake fitowa shi ne ciki na gaba. Uwar da ta zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinta a shayarwa takan makara wajen neman namiji, idan ta ɗauka kuma 'ya'yan su zo kaɗan. Ya fi tsanani ga mai haihuwar fari, wadda ita kanta ba ta gama girma ba kuma cikinta bai buɗe da cin abinci ba. Masu kiwo a ko'ina sun san yadda haihuwa ta biyu take yawan ba da kunya. A shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka gwada rage wa iyaye masu haihuwar fari abinci a makonni daban-daban na shayarwa, suka ga ragin makon ƙarshe shi ya fi cutar da rayuwar 'yan tayin ciki na gaba. Dalili kuwa, ƙwayayen haihuwar da za su fashe bayan yaye a wannan makon suke ƙosawa. Yunwar da ta same su a lokacin tana bin su har mahaifa.

Wannan shi ya nuna inda bai kamata allura ta faɗa ba. Makon ƙarshe kafin yaye bai dace ba, saboda ƙwayayen nan, kuma mako 2 da garkuwa take buƙata ba za su cika ba kafin barbara. Kwana 3 na farko bayan haihuwa su ma ba su dace ba. A lokacin ne uwa take fama da gajiyar naƙuda, nono yake kafuwa, kuma a lokacin ne ciwon nan na bayan haihuwa yake zuwa, hantsa ta yi tauri da zafi, nono ya ɗauke, uwa ta kife a kan cikinta ta hana 'ya'ya sha. Alamarsa ta farko zafin jiki ne da ya haura digiri 39.5. Wanda ya yi allura a ranar, ya jefa kansa cikin duhu: ya ga zazzaɓi, bai san na allura ne da zai wuce gobe ba, ko na hantsa ne da zai kashe masa 'ya'ya kafin jibi. Abin da ya rage shi ne tsakiya, mako na biyu, lokacin da ci ya buɗe kuma yaye da saura. Ma'aikacin da muka fara da shi ba da ka ya zaɓi kwana 10 zuwa 14 ba.

Me ya sa to wasu suke rantsuwa allura ta tsumburar musu da 'ya'ya, wasu kuma suke cewa ta ƙara musu? Don abubuwan da ke juya nauyin yaye sun fi allura ƙarfi nesa ba kusa ba: nauyin haihuwa, yawan 'ya'ya, ko uwa haihuwar fari ce ko ta huɗu, zafin gari, kan nonon da ɗa ya samu, na gaba ko na baya. Aladun Denmark na yanzu suna haifar 'ya'ya fiye da yawan kan nonon da suke da shi, har sai an raba su tsotso kashi-kashi a ranar farko, ko a nemo wata uwa ta raino. Ga ƙarancin ƙarfe a jini: nonon alade yana ba ɗa kusan miligiram 1 a rana alhali yana buƙatar wajen 7, shi ya sa ake yi wa na ɗakin siminti allurar ƙarfe miligiram 200 a kwanakin farko. Wanda ya manta da wannan, 'ya'yansa suka yi fari suna haki a mako na uku, ya fi sauƙi ya tuna allurar da aka yi wa uwa makon jiya. Gwajin da za a yarda da shi sai an jera iyaye masu haihuwa iri ɗaya a mako ɗaya, rabi a yi musu rigakafi rabi a yi musu ruwan gishiri, a auna kowane ɗa ranar haihuwa da ranar yaye. Kwatanta haihuwar watan Afrilu da ta watan Agusta ba gwaji ba ne, labarin yanayi ne.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan matattun ƙwayoyi ne. Rigakafi mai rai wani zance ne daban, kuma a nan ne tsoro yake da tushe. Misalin da ya fi fitowa shi ne PRRS, ciwon haihuwa da numfashi na aladu, wanda ya ɓulla a Amurka a 1987 ba a san mene ne ba, ya shiga Jamus a 1990, aka ware bairos ɗinsa a Lelystad ta Holan a 1991. Ana yi masa laƙabi da shuɗin kunne. Yana ratsa mahaifa a ƙarshen ciki, ya sa ɓari da haihuwar matattu da raunana, a yara kuma ya kama huhu. Wani ƙiyasi na 2013 ya ce yana ci wa masu kiwon Amurka dala miliyan 664 a shekara. Rigakafinsa da ya fi aiki bairos ne mai rai da aka raunana, wanda ya shiga kasuwa a 1994. Saboda a guje wa ƙarshen ciki, gonaki da yawa a Turai suna bin tsarin da suke kira 6-60: a yi wa uwa kwana 6 bayan haihuwa, a sake a kwana 60 na ciki. Sai dai mai rai yana hayayyafa, yana zaga jini, yana iya fita ta miyau da majina, an ma same shi a nonon iyayen da ba su da garkuwa tun farko. Uwar da aka yi wa tana kwance hanci da hanci da 'ya'ya 'yan kwana 6.

Denmark ta ɗanɗana kuɗarta a 1996. An shigo da rigakafi mai rai na nau'in Amurka, alhali nau'in Turai ne a ƙasar. Bairos ɗin rigakafin ya tsallaka zuwa iyayen da ba a yi musu ba, ya bi maniyyi zuwa wasu gonaki, ya dawo da ƙarfinsa, aka shiga ɓari da haihuwar matattu. A 2019 kuma, a wata tashar tara maniyyi a ƙasar, aka gano bairos ɗin da ya samu daga haɗuwar nau'o'in rigakafi biyu masu rai, ya kuma bazu zuwa gonakin da suka sayi maniyyin. Ba wai rigakafin PRRS ba shi da amfani ba. A garken da cutar take, yana rage asara sosai. Amma garken da babu ita, shigar da mai rai shigar da cuta ce da hannunka, kuma ba a canza kamfani yau wannan gobe wancan. Ko tsinin allura ɗaya da aka bi iyaye 20 da shi ya isa ya kwashi bairos daga jinin wannan ya kai wa waccan, abin da ya sa wasu gonaki suka koma na'urar da ke harba magani cikin fata babu tsini.

Akwai kuma wata ƙulla da ba a cika lura da ita ba. Uwar da ake yi wa allurar tunatarwa kowace haihuwa, dakashinta na gaba yana zuwa da garkuwa mai kauri. Alheri ne a makonnin farko. Amma garkuwar aro ce, tana raguwa da rabi kusan kowane mako 2, kuma muddin tana da ƙarfi tana iya cinye rigakafin da aka yi wa ɗan kafin jikinsa ya koyi komai. Garkuwar parbo ta gado takan kai wata 3 zuwa 6, shi ya sa ba a gaggawar yi wa budurwa. A mura ta aladu ma katsalandan ɗin a bayyane yake. Shi kuwa PCV2, bairos ɗin da ke ramar da yara bayan yaye, wanda aka fara lura da ɓarnarsa a yammacin Kanada a 1991, rigakafin farko da aka yi masa na iyaye ne, daga baya aka fi karkata ga yi wa 'ya'ya a wajen mako 3. Gonar da ke yin duka biyun dole ta daidaita ranakun. Wanda ya taɓa jadawalin uwa ya taɓa na 'ya'yanta na baɗi ko bai sani ba.

Idan aka sauko gida, wannan kalanda ba ta kwafuwa yadda take. Mai aladu 5 ko 10 a Zonkwa ko Kafanchan, wanda kasuwar aladu ta Katsit ce madubinsa, yakan bar 'ya'ya a nono mako 6 zuwa 8. Ya yi allura a kwana 10 don haka aka rubuta a Turai, sai a samu kusan mako 7 kafin barbara, a ɗora mako 16 na ciki, kariyar erisifelas ta wata 6 tana gab da ƙarewa daidai lokacin da ciki ya tsufa. Lissafin daga ranar da za a kai ta wurin namiji ake yin sa, a dawo baya mako 2 zuwa 3. Ga zafi: uwa mai shayarwa ta fi sakewa a digiri 16 zuwa 22, kuma alade ba ya gumin da zai sanyaya shi. A watan Maris da Afrilu, ƙarƙashin kwano, ta riga ta rage ci tun kafin a taɓa ta. Abincin ma dusa ce da dusar burukutu da ragowar kicin, waken soya sai an samu hali. Irin wannan uwa ba ta da kitsen da za ta ranta wa 'ya'ya, don haka kwana 2 na rashin ci da ba a gani a Denmark, a nan ana iya ganinsu a haƙarƙarin yara. Yin allurar da sanyin safiya, da cika kwamin ruwa, da jiƙa abinci, sun fi sauya kwalba tasiri. Ita kwalbar kuma tana son digiri 2 zuwa 8. Wadda ta kwana a firjin da wuta ta ɗauke, ko ta daskare a jikin ƙanƙara, zazzaɓin za ta bayar ba kariyar ba.

Cutar da ta fi kowacce share garke a Najeriya kuwa ba ta cikin wannan jadawali ko kaɗan. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda aka fara bayyanawa a Kenya a 1921, ya shigo ta kan iyakar Benin a 1997, a 2020 kuma ya hallaka dubban ɗaruruwa a rukunin gonakin Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun. Biyetnam ta amince da rigakafi biyu masu rai a 2023, amma a lokacin na aladun da ake kiwatawa don yanka ne, ba na iyaye ba. A China, bayan ɓullar cutar a 2018, rigakafin bayan fage da aka riƙa yi a ɓoye ya bar iyaye da ciwo mai jan jiki da haihuwar matattu. Duk wanda ya zo ƙauye da kwalba a kula ya ce ta zazzaɓin aladu ce, a yi wa mai shayarwa don ta ba 'ya'ya, a rufe masa ƙofa. Idan aladu suka fara faɗuwa, samfuri ake kaiwa ta hannun likitan dabbobi zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Filato.

Hukuncin allurar lokacin shayarwa ba ya fita sai bayan wata 4 da 'yan kwanaki, ranar haihuwa ta gaba, kuma ana iya karanta shi da rula. Busassun 'yan tayin da ke fitowa tare da mabiyiya, waɗanda aka saba sharewa a zubar, suna ɗauke da kwanan watan mutuwarsu. A auna daga tsakar ka zuwa gindin wutsiya, a ninka santimitar sau 3, a ƙara 21, an samu kusan kwanakinsa a ciki. Mai santimita 8 ya mutu wajen kwana 45, mai 15 wajen kwana 66. Ɗaya ko biyu ƙanana a cikin haihuwar 'ya'ya 16, cunkoson mahaifa ne kawai. Idan duk manya ne, tsawonsu ɗaya, wani abu ne ya buge su tare a ƙarshen ciki, sai a nemi zazzaɓi ko PRRS. Idan kuwa suka jeru kamar matakala, wannan santimita 5, wancan 9, wancan 14, ga rayayyu 3 ko 4 a gefe, sawun parbo ne, domin daga ɗan tayi zuwa maƙwabcinsa yake bi a hankali. Mai wannan uwa sai ya koma ya duba ranar da ya yi mata allura, da kwana nawa suka shiga tsakaninta da barbara, da inda kwalbar ta kwana.